Zanzibar ko Maldives: ina ya dace in kai maiɗakina hutu?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna. Bana muke cika shekara goma da aure, kuma ni da maiɗakina ba mu taɓa fita ko'ina mu biyu kaɗai ba. Na ɗan tara wani abu, ina so in kai ta hutun mako guda bakin teku a watan Afrilu. Ita hankalinta yana kan Maldives saboda hotunan da take gani a Instagram, wani abokina kuma ya ce Zanzibar ta fi sauƙi. Tana sa hijabi, kuma daga ni har ita babu wanda ya iya iyo. Wanne ya fi dacewa da mu, kuma me ya kamata in sani kafin in biya kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya nuna muku wata goman lafiya.

Idan na fahimce ka da kyau, kana riƙe da kuɗin da aka sha wuya kafin a tara, ka riga ka ware wata, uwargida ta ga hoto ta ƙyasa, aboki kuma ya ja ka wani gefen. Shirya wa mutane tafiya ita ce sana'ata, kuma ma'aurata irinku kan zo mini da wannan tambayar kusan da kalmominta. Abin da nake fara gaya musu shi ne hoton tsibiri ba ya faɗin a wane wata aka ɗauke shi, ba ya faɗin ƙarfe nawa ne, ba ya kuma faɗin da wane fasfo mai hoton ya shiga ƙasar. A wurin nan ne hutu ke daɗi ko ya lalace, kuma Afrilun da ka ambata ya fi komai muhimmanci a wasiƙarka. Za mu zo kansa.

Wurare biyu, rayuwa biyu

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa ta cikin gida tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma idan mai yawon buɗe ido ya ce ya je Zanzibar, Unguja yake nufi. Tsawonta ya kai kilomita 85, akwai garuruwa, gonaki, kasuwanni, makarantun allo, cunkoson motoci, komai na rayuwar mutane. Mafi yawan jama'arta Musulmi ne. Za ka ji kiran salla daga ɗakinka a cikin gari, mata da hijabi su ne suka cika titi, don haka uwargida ba za ta zama abin kallo ba.

Maldives ƙasa ce mai cin gashin kanta a kudu maso yammacin Indiya, tsibirai kusan 1,200 ƙanana ƙanana, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce wajen 200 ba. Ita ma ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 12, har Ibn Battuta ya taɓa riƙe alƙalanci a can. To amma tsarin yawon buɗe idonta, wanda ya faro a 1972, an gina shi ne a kan raba baƙo da ɗan ƙasa. Otal guda, tsibiri guda. Waɗancan ɗakunan da aka kafa a kan ruwa, waɗanda Hajiya take gani a waya, suna kan irin waɗannan tsibiran ne. Kana iya zagaye wasunsu da ƙafa cikin minti 20. Babu gari, babu kasuwa, babu mai shayi. Daga kai sai ita sai ma'aikatan otal sai sauran baƙi, galibi Turawa da mutanen Asiya, kuma a can ana sayar da giya, ana yawo da kayan wanka yadda aka ga dama. Dokar hana giya da ta suturar mutunci tana aiki ne a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune.

Wannan ya sa nake yi wa masu zuwa wurina wata tambaya wadda takan ba su dariya: kun taɓa zama ku biyu, babu yara, babu baƙi, babu zuwa unguwa, har kwana uku a jere? Da yawa ba su taɓa ba. A gidajenmu miji da mata kan yi shekaru suna magana a kan cefane, kuɗin makaranta da bikin dangi, hira ta zaman banza kuwa sai an koya. Na ga ma'auratan da suka kashe maƙudan kuɗi a tsibirin otal, kwana biyu na farko aka sha hotuna, rana ta uku maigida ya koma kan wayarsa yana bin labarin kasuwa, ita kuma tana kiran gida kowace sa'a tana tambayar ko yara sun ci abinci. Wurin bai yi musu laifin komai ba. An yi shi ne domin mutanen da ruwa ne wasansu, masu nutso su kalli kifi da murjani tun safe har yamma. Wanda bai iya iyo ba ya biya kuɗin abin da rabinsa ba zai taɓa ba. A Zanzibar kuwa, in teku ta gundure ku, ga gari.

Maganar Afrilu

Ga inda gizo ke saƙar. Zanzibar tana da damina biyu. Babbar, wadda suke kira masika, tana farawa cikin Maris ta kai ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci yini guda bai ɗauke ba, teku ta yi duhu, hanyoyin ƙauye su caɓe, wasu otal-otal ma rufewa suke su yi gyare-gyare. Idan ka ga ɗan kamasho yana tallata Zanzibar da araha mai ban mamaki a wannan watan, dalilin ke nan. Ƙaramar daminar tana zuwa wajen Nuwamba zuwa Disamba, ita ba ta da tsanani, a yi ruwa a ɗauke. Lokaci mafi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, babu ruwa sosai, ga iska mai sanyi. Janairu da Fabrairu ma rani ne, sai dai akwai zafi da gumi.

Maldives kuma akasin haka take. Raninta daga Disamba ne zuwa Afrilu, iskar damina tana shigowa cikin Mayu. Wato watan da ka zaɓa yana goyon bayan uwargida, aljihunka yana goyon bayan abokinka.

Biza ma tana bayan uwargida. Maldives tana ba baƙo izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin yana da fasfo mai rai, tikitin komawa, takardar kama ɗaki wadda aka tabbatar, da shaidar kuɗin kashewa. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin sa'o'i 96 kafin isa. Ka buga komai a takarda ka riƙe a hannu, domin mai koren fasfo yakan sha tambayoyi fiye da wanda ke gabansa a layi, tun ma daga wurin hawa jirgi. Tanzaniya kuwa ta sa Nijeriya, da Nijar da Chadi, cikin jerin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai ka nema ta intanet, a tura takardunka ga hukumar shige da fice ta amince tukuna, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a nema da wata biyu a gaba. Abokinka da ya ce Zanzibar ta fi sauƙi, ina jin kuɗi yake nufi. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Dokokin nan kan sauya, saboda haka ka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanka a makon da za ka nema, kada ka tsaya a kan abin da wani ya ce ya yi bara, ko da ni ne.

Ƙari a kan haka, tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 kowane mutum, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ƙasashen biyu kuma za su nemi katin rigakafin cutar shawara tunda daga Nijeriya kuka fito, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Inda kuɗin ke zurarewa

Ba zan ba ka lissafi da naira ba, domin kafin ka gama karanta wannan amsar canji ya motsa. Amma zan nuna maka ramukan.

Zuwa Zanzibar, jirgin Habasha yana tashi daga Kano da Abuja, a sauya a Addis Ababa, a sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume, wanda ke 'yan mintuna daga tsakiyar gari. Zuwa Maldives sai an bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul, tafiyar ta fi nisa, tikitin ma galibi ya fi tsada. Sannan saukarka a filin jirgin Velana, kusa da Male babban birni, ba isowa ba ce. Sai an ɗauke ku zuwa tsibirin otal, ko da jirgin ruwa mai gudu ko da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma kuɗin wannan ɗaukar kaɗai, na mutum biyu zuwa da dawowa, yana iya kai kuɗin kwana biyu ko uku a otal mai kyau a Zanzibar. Jiragen saman nan da rana kawai suke tashi. In jirginku ya sauka da yamma liƙis, kwanan Male ya kama ku, ga kuɗin ɗakin da kuka riga kuka biya a can yana tafiya.

Farashin da ake nunawa a intanet ma sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. A Maldives ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 a 2025, da harajin muhalli na kowane mutum kowane dare. Kuma tunda babu wani shago a tsibirin sai na otal, ruwan gora ma da farashinsu za ka saya. Don haka a can ya fi kyau ka biya ɗaki haɗe da abinci sau uku tun daga gida.

A Zanzibar shawarata ta bambanta. Manyan otal-otal na bakin teku suna son sayar da tsarin da ake biyan komai a dunƙule, ci da sha ba iyaka. Kaso mai tsoka na wannan kuɗin na giya ne, kai kuma lemo za ka sha. Ka ɗauki ɗaki da karin kumallo da abincin dare, na rana ku fita ku ci a gari, ya fi araha, ya kuma fi daɗi.

Akwai hanya ta tsakiya a Maldives wadda mutanenmu ba su cika sani ba. Tun wajen 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe gidajen baƙi a tsibiran da suke zaune. Maafushi ita ce ta fi suna, ƙasa da sa'a guda daga Male a jirgin ruwa mai gudu. A irin waɗannan wuraren akwai masallaci, babu giya a kan tsibirin, an keɓe wa masu kayan wankan Turawa gefensu daban, kuma kuɗin ɗaki bai kama ƙafar na tsibiran otal ba. Idan hutun ofis ya ɗaure ka da Afrilu, ba makawa, to ku tafi Maldives ta wannan hanyar: yawancin kwanakin a gidan baƙi, dare ɗaya ko biyu na ƙarshe a otal ɗin da take mafarki, in aljihu ya yarda. In kuwa za ka iya ɗaga tafiyar zuwa Satumba ko farkon Oktoba, bayan cunkoson Turawa na Yuli da Agusta ya lafa, ni Zanzibar zan kai ku. Sauran bayanina a kanta zai fi yawa.

Wace gaɓa a Zanzibar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kama otal saboda kyan hoto bai tambayi a wane gefen tsibirin yake ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan sa'o'i shida tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa abin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. A gabashin Unguja, wato Paje, Jambiani, Matemwe da Kiwengwa, ƙasan tekun shimfiɗe take har zuwa shingen murjani can nesa. In ruwa ya janye, sai ka fito daga ɗaki ka tarar tekun da ka kwana kana jin ƙararta ta yi tafiyarta, a wasu wuraren fiye da kilomita guda, ta bar farin yashi da 'yan kududdufai. Na taɓa samun kira daga wani ango da rana tsaka, ransa a ɓace, wai an yaudare shi, otal ɗin da na kama masa babu teku. Na ce ya yi sallar la'asar ya sake leƙawa. Bai sake kira ba sai da zai dawo.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana gangarawa da sauri, ruwa ba ya nisa ko ya janye, ga faɗuwar rana ana kallonta sosai, abin da gabas ba ta da shi. Shi ya sa aka fi cika can, kuma a nan matsalarta take: hayaniya, kiɗa da dare musamman a Kendwa, da 'yan tallan bakin teku da ake kira papasi, masu binka da tayin yawon jirgin ruwa tun ka fito har ka koma.

Mafi yawan masu ba da shawara za su ce ka tafi arewa don a yi wanka kowane lokaci. Ku da ba ku iya iyo ba, ni ban ga abin da wannan zai ƙara muku ba. Gabas ta fi dacewa da ku. Ruwan da ke tsakanin gaɓa da shingen murjani ba shi da zurfi, kuma lokacin janyewa kuna iya takawa cikinsa iya ƙauri, iya gwiwa, ku yi nisa kuna hira. A Jambiani da Paje za ku tarar da matan ƙauye sun shiga da zannuwansu, sun kafa turaku a jere da igiyoyi, suna noman ciyawar teku wadda ake busarwa a sayar waje. Uwargida za ta ga mata masu lulluɓi irinta tsugune cikin teku suna aiki, kuma na lura wannan kan cire wa matanmu tsoron ruwan fiye da duk lallashin miji. Abu biyu kawai za ku kiyaye. Ku sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa cikin duwatsu, in aka taka ta hutu ya koma jinya. Sannan ku tambayi ma'aikatan otal ƙarfe nawa ruwa zai dawo, domin in ya tashi dawowa ba ya jiran kowa, kuma yakan fara cika ramukan da ke bayanka kafin ka ankara. Paje tana da iska da samari masu wasan lilo da laima a kan ruwa. Jambiani, Pongwe da Matemwe sun fi shiru.

Hijabi, wanka da salla

Kada ta shiga teku ko tafkin wanka da abaya ko dogon hijabi. Yadi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, ya manne a jiki, sutura ba ta samu ba, ga haɗari. Akwai rigar wanka ta mata mai rufe jiki duka har da kai, wadda aka ɗinka da yadin da ba ya riƙe ruwa. A saya tun daga gida, a gwada. Otal-otal da yawa ma ba sa barin a shiga tafkinsu da kayan auduga.

Idan kuna son ta sake sosai, abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ɗaki mai ɗan tafkinsa na kansa a cikin katanga. Kafin ka biya, ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su ƙarara: ana hango tafkin daga hanya, ko daga benen maƙwabta, ko daga bakin teku? Ka ce su turo hoton da aka ɗauka daga ciki ana kallon waje. Ɗakunan kan ruwa na Maldives, duk da kyansu, sau da yawa a buɗe suke ta gefen teku, masu kwalekwale na wucewa, matakalarsu kuma cikin ruwa take sauka kai tsaye. Ga wanda bai iya iyo ba, ɗakin da ke kan yashi ya fi kwanciyar hankali.

Duk wani yawon jirgin ruwa, komai gajartarsa, ku sa rigar ceto kafin a tashi, ku ɗaure ta da kyau. In mai jirgi ya ce babu, ko ya ce ba a buƙata, ku sauka. A kan wannan ba na sassauci da kowa.

Nama a cikin garin Zanzibar yankan Musulmi ne, ba abin damuwa. A manyan otal-otal na baƙi ne ake iya samun naman alade a teburin karin kumallo, galibi da alama a kai, kuma wasu miyar Turawa ana zuba musu giya. Tambaya ba ta da kunya. Halittun teku kuwa, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai halal ne, sai dai cikin da ya saba da tuwo a bi shi a hankali. Naman kunkurun teku kaɗai nake cewa a guje shi ko an ba ku kyauta, domin yakan zo da guba, kuma ya kashe mutane a Pemba a 2021 da 2024.

Alƙibla a Zanzibar arewa take kusan sak, ba gabas ba, saboda tsibirin yana kudu da Makka. Jiki zai so ya juya inda rana ke fitowa, sai a kula. Mutanen wurin galibi Shafi'awa ne, akwai kuma mabiya mazhabar Ibadiyya, gadon alaƙarsu da Oman, don haka za ka ga ɗan bambanci a masallaci wanda ba abin tayar da hankali ba ne. Batun kasaru, abin da aka sani a Malikiyya shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin matafiyi, amma ni ɗan biza da tikiti ne, ka zauna da malaminka ka faɗa masa yadda kwanakin suka rabu. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro: akwai shi a Zanzibar ko da ya yi ƙasa sosai, likita ne zai faɗa muku abin da za ku riƙe, musamman in uwargida tana da juna biyu.

Yadda zan raba makon

Dare biyu na farko a tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidajen dutse masu hawa uku, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa nan a ƙarni na 19, arzikin garin kuma ya tashi ne a kan kanumfari, hauren giwa da cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a wurin, kuma har yau ana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke harabar, masu rufi ƙasa ƙasa da 'yan tagogi kamar tsaga. Ba wurin hoto ba ne, amma ku je. Ku ɗauki ɗan jagora mai lasisi na rabin yini, bayan nan ku ɓata da kanku, garin ƙarami ne, kowane lungu ka bi zai fitar da kai ko teku ko babban titi.

Bayan magariba ku gangara lambun Forodhani a bakin ruwa, inda masu abinci ke jera tebura da fitilu. Ku sha ruwan rake da ake matsewa a gabanku da citta da lemun tsami. Ku gwada urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai da yaji. Tsiren kifi da sauran kayan teku da aka tara tuli a tebur, ku sa a gasa muku shi sosai a gabanku, ku kuma yi ciniki kafin a ɗora a wuta, ba bayan an ci ba.

Rabin yini a gonar kayan ƙamshi ya fi burge matanmu fiye da komai a tsarin. Abin da ta saba saye a ƙulle a leda, za ta gan shi a bishiyarsa: kanumfari yana ɗanye, kirfa ana ɓare ta daga jikin itace, gyaɗar ƙamshi cikin jar rigarta, kurkur ana tono shi. Tsibirin Changuu, wanda ake kira tsibirin kurkuku, yana da manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919, tafiyar kusan rabin sa'a ce a kwalekwale. In teku ba ta kwanta ba a ranar, ku bar shi, ba a yi asarar komai ba. Dajin Jozani yana kan hanyarku ta zuwa gabas, a nan ake ganin jan birin da babu irinsa sai a Zanzibar, sa'a guda ta isa. Daga nan sai dare huɗu a bakin teku, kuma kada ka cika su da tsare-tsare. Yini ɗaya a fita, yini ɗaya a zauna.

Tanzaniya tana gaban Nijeriya da sa'a biyu. Ban da wannan, Waswahili suna fara ƙirgen sa'o'in yini daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. In kun yi alƙawari da direba, ka nuna masa lokacin a fuskar waya, kada ka wayi gari yana jiranka tun kana barci ko kai kana jiransa jirgi na shirin tashi. Ka riƙe dala sababbin bugu marasa yagewa, ka canza wani abu zuwa shilin don kasuwa da tasi, kada ka dogara da katin bankin gida shi kaɗai. An hana shiga da ledar cefane Tanzaniya tun 2019. Kwafin takardar aure ma ba ya nauyi a jaka.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka, kada ka yi mata bazata da tikiti. Ka zaunar da ita ka nuna mata wannan lissafin, damina da biza da kuɗin jirgin ruwa, ta zaɓa tare da kai, ku kuma yanke tun yanzu wa zai riƙe yara da sau nawa za a kira gida a yini. Daren ƙarshe ku dawo cikin gari ku kwana, saboda daga Jambiani zuwa filin jirgi ya haura sa'a guda, kuma ba a wasa da hanya ranar tashi. Da safe ta shiga kasuwar Darajani ta yi tsarabar kanumfari da zannuwan kanga. Kowane kanga akwai magana da aka rubuta a gefensa da Swahili, wasu addu'a ce, wasu habaici ne tsantsa, don haka ta sa mai shago ya fassara mata kafin ta saya wa surukarta.